Ampulin Surukin Lamine

Lamine mai gyaran wutar mota ne a Tasawa, rumfarsa na bakin tasha. Wata ranar Laraba da hantsi, surukinsa Malam Abdurrahamane ya iso daga Urafane da tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, wadda ya ɗaure wa manyan lasifika biyu a kai yana tallar irin wake a kasuwanni. Tare da shi akwai dattijai biyu, abokan cinikinsa.

Lamine ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe su, idonsa a ƙasa. Hamida, matar da ya aura bara, ita ce ɗiyar Malam ta fari, wadda Malam ko sunanta ba ya faɗi don kunya.

"Ampulin ne ya yi shiru," in ji Malam, yana nufin na'urar da ke ƙara wa lasifika murya. "Jiya a Mayahi ina tsakar magana ya ɗauke. Sai wata fitila ja ke kamawa."

"To, Baba. Bari a duba."

Aka shimfiɗa wa dattijan tabarma a inuwar itacen bedi. Lamine ya tura kujerar direba gaba, ya leƙa ƙarƙashinta inda ampulin yake. Ya zaro fizibil, wato fis, ya ɗaga shi a rana, bai ƙone ba. Ya auna batir, lafiya lau. Ya cire wayoyin lasifika ko akwai wadda ta haɗe da wata, fitilar dai tana nan ja. Ya mai da su. Da ya fara zargin rediyon motar, sai ya cire ta, ya jona tasa wayar salula kai tsaye da ampulin, ya kunna karatu, ya ƙure murya. Ko tari.

Gumi ya jiƙa masa riga. Ba ya son ya gaza a gaban surukinsa. Can ya lura da baƙar wayar da ke kama jikin mota, notinta ya saki, tsatsa ta cinye wurin. Ya kwance, ya kankare da wuƙa har ƙarfen ya yi fari.

Yana cikin ɗaurewa wayarsa ta haska a kan kujera. Hamida ce. Ya miƙa hannu ya danna, ya ce, "Alo?" Bai ji komi ba, ya ɗauka layi ne ya katse. Ya koma ya ƙara wa notin murɗi ɗaya.

Fitilar ta koma kore. Muryar Hamida ta fashe daga saman mota, har masu shayi a ƙetaren titi suka waiwayo.

"...kana ji na, maigida? Na dawo daga likita. Ba zazzaɓi ba ne, ciki ne da ni! Don Allah kar ka bari su Baba su ji tukuna, kunya za ta kashe ni."

Lamine ya zabura, kansa ya bugi sitiyari. Ya fizge wayar, amma magana ta riga ta fita. Wani ɗan kabukabu ya tuntsire da dariya, aka harare shi. Lamine ya kasa fitowa. Ya zauna a cikin mota, yana kallon notin.

Malam Abdurrahamane ya daɗe yana gyara zaman hularsa. Sannan ya dubi na kusa da shi ya ce, "Alhaji, ka ce waken garin Attantane ya fi namu bana?" Dattijon ya ce ƙwarai kuwa, suka shiga gardamar wake kamar ba abin da ya faru.

Da kyar Lamine ya mai da rediyon, ya fito ya durƙusa.

"Ya gyaru, Baba."

"Mun ji," in ji ɗaya dattijon, ya yi maza ya kama bakinsa.

Malam ya tada mota. Bai dubi Lamine ba, ya ce, "Allah ya yi albarka. A gaida mutan gida."

Da yamma Lamine ya gaya wa Hamida. Ta rufe fuska da zane, ta shige ɗaki, ta ƙi cin tuwo. Sai da daddawa ta ƙare musu washegari ta yi masa magana.

Da Juma'a ta zagayo, Inna Zara'u, uwar Hamida, ta sauka daga motar kasuwa da tulun man shanu da ƙullin kuka. Ta ce ta zo ganin gari ne. Lamine ya gaishe ta daga bayan danga, ya zagaya ta ƙofar baya ya tafi rumfa.