Murjanin Wuta Bai Gama Haihuwa Ba

"Rustam, saki igiyar nan!" in ji wani daga cikin masunta.

Ko da na ɗago kai daga ruwa, kwalekwale bakwai sun riga sun juya hanci zuwa teku, yayana Rustam a gaba. Hannuna na hagu sai zogi yake inda murjanin wuta, wata halittar ƙarƙashin teku mai kama da dutse da ke ƙona fata, ya lashe ni. Karo na huɗu ke nan a makon.

"Murjanin ya saki 'ya'ya ko bai saki ba?" Rustam ya ɗaga murya. "Daga nan muke hango ruwa ya yi fari!"

Wata shida ke nan da aka kafa ganyen kwakwa a bakin tudun murjani, aka sa sasi, wato dokar hana su: ba mai kama ko ƙaguwa ɗaya. A garinmu ba a cire ganyen sai murjanin wuta ya haihu, sai kuma mai dubawa ta shaida da bakinta. Da uwata ce mai dubawa. Yanzu ni ce. Kwana goma sha ɗaya ina nutso kowane yammaci tun cikar wata, fatata ta yi yaushi kamar ta tsohuwa.

Kawu Sahabu, mai riƙe da al'adar gari, ya tako cikin ruwa har gwiwa.

"Jumira, 'yar nan, me kika gani?"

"Na gabas sun saki, Kawu. Ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, suna buɗewa suna rufewa, ruwa cike."

Maza suka ɗau ihu. Wani har ya buga injin kwalekwalensa.

"Ban gama ba. Na gabas maza ne. Masu ƙwai suna yamma, kuma ko ɗaya ba ta saki ba. Zafin ruwa ya kwantar da su, rabinsu sun koɗe. 'Ya'yan nan ba sa kai asuba. Za su mutu ba su gamu da kowa ba."

"To, gwauraye ne irin Rustam," in ji wani. Dariyar ba ta yi nisa ba.

Rustam ya matso, ya rage murya. "Ke, wa zai nutsa ya duba maganarki? Matar maƙwabcinmu Hamja tuwon garin bishiyar sago take ba yara gaya, ba ko romo. Ki ce ya haihu kawai. Ai ba ƙarya ba ce."

"Rabin haihuwa ce, Yaya."

"Rabin ma mun gode!"

Na dubi yaran da ke tsaye bakin gaɓa da kwanduna. Tun azahar suke nan. Kalma ɗaya ce, in je gida in kwanta. Amma in ƙafa arba'in suka tattake gefen yamma gobe, masu ƙwan da suka rage ba za su ga wata mai zuwa ba.

"Bai haihu ba, Kawu. A ƙara wata guda."

Kawu ya rufe ido. "An ji. A ja jirage."

Ba wanda ya zage ni. Da sun zaga ma da ya fi sauƙi. Suka ja kwalekwale kan yashi, kowa kansa a ƙasa.

Muna cikin haka muka ji rugugin sarƙa. Wani jirgin ƙarfe, ba suna a jikinsa, ya saki anka a gefen yamma na tudun, daidai kan masu ƙwai. Wani dogon mutum da tiyon iska na masu nutso a kafaɗa ya leƙo, ya ɗaga mana hannu.

"Sannunku, 'yan gari! Na ga ba kowa a tudun nan. Ashe bai da masu shi?"