Ɗigon Tawadar Kawu Pang

Da Bikin Bazara, wato bikin sabuwar shekarar gargajiya, ya matso, Malama Duan ta shimfiɗa jajayen takardu a zauren unguwa, inda take koya wa tsofaffi rubutun ado. Kawu Pang, tsohon direban bas, ya rantse bana da hannunsa zai rubuta gaisuwar da za a manna a ƙofarsa, don 'yarsa za ta zo da jaririnta.

Yana cikin jan buroshi, sai tawada ta ɗiɗɗiga a gefen rubutun.

Maƙwabciyarsa Goggo Lian ta kwashe da dariya. "Pang, ashe haka kake tuƙa mu? Shi ya sa muke sauka da jiri!"

"Ji da naki, kamar kaza ta yi tono," in ji shi, ya kai hannu zai yage takardar.

Malama Duan ta tare shi. "Tsaya, Kawu. Ja siririn layi ka haɗa ɗige-ɗigen nan."

Ya ja a hankali, sai ga reshe da furanninsa. Nan take kowa ya shiga yarfa wa takardarsa tawada da gangan, har Goggo Lian ta ɓata rigarta. Kawu Pang ya nufi gida da tasa, yana hura mata iska.