Allura a Gabas, Cire Haƙori a Yamma

Da aka zo rabon ƙwararrun likitocin haƙori, hukuma ta rantse ba yankin da zai ce an yi masa son kai. Don haka aka ba asibitin gabas mai allurar kashe zafi, aka ba na yamma mai cire haƙorin. Tsakaninsu kuwa tafiya ce mai nisa, ga kasuwa a tsakiya.

Gwaggo Tela ta sha wannan hanya har ta gaji. Turmin haƙorinta ya hana ta ci, ya hana ta zura zare a allura. Duk ranar da aka kashe mata baki a gabas, kafin ta isa yamma ya farfaɗo. A ƙofar ɗakin likita akwai wata nas da aikinta ke nan, mintsinin kunci. Wanda ya ce "wash!" sai ya koma gabas a sake.

Yau ma ta shige tasin ɗan ƙaninta, leɓe a saki, yawu na zuba a gyale.

"Gwaggo, yau kam sai mun isa kafin bakin ya farfaɗo," in ji Direba. "Ki dai daina tauna harshe."

Ta so ta zage shi, bakin ya ƙi.

A kasuwa wata motar katifu ta mutu a tsakiyar titi. Suna nan tsaye ta ji kuncin ya fara tsitt-tsitt, kamar ƙafar da aka daɗe a kanta. Can sai haƙorin ya yi sallama.

"Ɗan nema, taka motar nan!"

"Innalillahi! Gwaggo, magana ta fito tas. Mu juya?"

"In ka juya sai na ɗinke maka baki. Mintsine ni."

"Ni? Ki haɗa ni da Baba?"

"Mintsine ni, na ce!"

Da hanya ta buɗe, haka suka ƙarasa, yana tuƙi da hannu ɗaya yana mintsini da ɗaya, tana koyon daurewa.

A ƙofa nas ta kama kuncin ta murɗa. Gwaggo ta kafa wa agogon bango ido, ta saki leɓe, har ta ƙara da ɗan yawu.

"Wuce, Mama."

Likita ya kwantar da kujera, ya sa ƙarfe, ya girgiza, ya ja. Gwaggo ta ga taurari da rana tsaka. Farcenta ya huda ledar kujera, amma ko uffan.

"Kun gani?" Likita ya ɗaga haƙorin ya nuna wa ɗalibansa. "Masu cewa tsarin nan ba ya aiki su zo su ga baiwar Allahn nan."

Ta fito a nutse, auduga a baki, ta shiga mota, ta rufe gilasai da kanta.

"Gwaggo, lafiya?"

"Toshe kunnenka, ɗan nan."