Addu'ar da Ta Dace da Baturen Albasa

Shekarar da aka sami 'yancin kai, Baturen da ke shugabantar kwalejin horon malamai ta bayan garin Boɗinga ya ɗaure kayansa ya tafi, aka ba Malam Ɗantani riƙon ƙwarya. Babban tsoronsa kada a ce a Kaduna makaranta ta lalace tun da ta dawo hannun ɗan ƙasa. Sai ya kafa doka: duk ɗalibin da aka kama da satar rubutu, kora ce.

Wanda dokar ta fara cafkewa Mijinyawa ne, mutumin Shagari, wanda ya girmi kowa a ajinsu. Kafin ya shigo boko ya daɗe yana kwafa wa malamai littattafan addini, hannunsa kuwa ya yi suna. An yi masa alkawarin aji a makarantar Lambara idan ya fito da takardar shaida, kuma jarrabawar ƙarshe kaɗai ta rage masa.

An ba su insha'i da Turanci a kan noman albasa. Mijinyawa ya shiga laburare, ya sami littafin wani Bature a kan lambu, ya gyara zama ya kwafe babi guda sukutum.

Malam Ɗantani ya sa aka kira shi ofis. Aka kira Malam Mode ma, mai kula da laburaren, wanda bai daɗe da dawowa daga Ingila ba.

"Mijinyawa," in ji Malam Ɗantani, "dusar ƙanƙara na sauka Shagari?"

"Ranka shi daɗe, ban taɓa gani ba."

"Ga shi ka ce a lulluɓe albasa da ciyawa in ta sauka."

"Haka mai littahi yac ce."

"Nan kuma ka ce a dubi hoto na huɗu. Ina hoton?"

"Ban iya zane ba, ranka shi daɗe. Amma na bar mashi wuri."

Ya kuwa bari. Rabin shafi fari fat, an zagaye shi da jan layi.

"Wanga aiki sata na," in ji Malam Ɗantani.

Mijinyawa ya dafe ƙirji. "Sata? Littahin na nan inda na iske shi, Malam Mode shaida na. Ko ɗigo ban canza ba. Wurinmu wanda yac canza maganar malami shi aka kira maci amana."

Malam Mode ya jawo takardar ya duba.

"Sa'ad da kake kwafa wa malamai, da me kake farawa?"

"Da sunan Allah. Sannan sunan mai littahi, da na mahaihinai, da addu'a."

"To ina sunan wannan?"

Mijinyawa ya sunkuyar da kai. 

"Malam, ba a ambaton malami ba addu'a. In ce Allah shi jiƙanai? Ban san ko ya mutu ba. In ce Allah shi yarda da shi? Nasara na. Na juya abin, na juya, na ga barin sunan ya hi lahiya."

Malam Ɗantani ya ce masa ya jira a waje.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Mode, "ɓarawo ba ya bar wa hoto wuri. Mun gaya wa ɗalibai hukuncin, ba mu gaya musu laifin ba. A ba ni shi. Ya sake rubutawa a gabana. Abin da ya ɗauko ya faɗi mai shi, saura ya fito daga kansa."

"In Kaduna ta ji na ɗaga ƙafa hwa?"

"In ta tambayi dalilin korar, za ku rubuta musu bayanin addu'ar da Turanci?"

Malam Ɗantani ya yi nazarin wannan wahala. Ya ce a gwada, amma idan sabon bai ci ba, Mijinyawa ya nemi motar Shagari.

Washegari da hantsi Malam Mode ya zaunar da shi kusa da taga, ya nuna masa yadda ake yi: sunan marubuci, sunan littafi, shekara, shafi.

"Addu'a hwa?"

"Ba sa yi."

"Ko Allah shi saka?"

"Ko ita."

"Mutum shi sha wahala shi rubuta littahi, a ba shi lambar shahi? Kai, Turawa da rowa."

Ya ɗauko jimla biyu daga Baturen, ya sa suna yadda aka ce. Sannan a gefe, da ƙaramin ajami, ya ƙara: Allah ya shirye shi in yana raye, in ya mutu Allah ne masani. Malam Mode ya gani, ya kau da kai.

Daga nan alƙalami ya tsaya.

"Rubuta abin da ka sani," in ji Malam Mode.

"Ni wa? Ni malamin albasa na?"

"Ba kwa noma ta a gida?"

"Gwaggona Inno na da lambu bakin fadama."

"Me take yi in za ta dasa?"

"Takan ce kada a dasa da rana tsaka."

"Rubuta. Ka ce ita ta faɗa."

"Inno cikin insha'i? Kusa da Bature?"

"Ƙarƙashinsa ma akwai wuri."

Ya rubuta yana gumi, yana gogewa, yana salati. Bai taɓa ɓata takarda haka ba. Kafin azahar ya cika shafi guda da ɗan ɗori, Turancin yana ɗingishi daga farko har ƙarshe.

Malam Ɗantani ya karanta da jan alƙalami a hannu. Ya yi wa takardar jina-jina, sannan ya ba ta makin da ya haye da ƙyar. Maganar kora ta mutu.

Mijinyawa ya koma laburare don godiya, sai ya tarar Malam Mode yana manna takardar a jikin allon sanarwa, 'yan aji sun taru suna karantawa suna dariya.

"Malam, mi kaka yi?"

"Misali ne. Kowa ya ga yadda ake faɗin mai magana."

"Wanga? Mai kyawon kun ce kora, gurgun kun liƙa ga bango! Mutanen Shagari na zuwa nan ran kasuwa. Don girman Allah, Malam, in dole a liƙa, a cire sunana."

Malam Mode ya danna ƙusa ta ƙarshe.

"Kai ka rubuta?"

"Ni na."

"To sunan ya zauna."