Gurbi Ukun Mugerwa

Nassozi ba ta gama sauke jakarta ba sai Ojok, manajan ofishin, ya jawo kujera ya zauna kusa da teburinta. Yau ne ta fara dawowa aiki tun da motar yashi ta kwashe boda, wato babur ɗin haya, da ta ɗauko mijinta Mugerwa a Nakawa, ta yi ajalinsa.

"Matar yaya, sannu da dawowa," ya ce. "Akwai maganar da nake so ki ji daga bakina."

Ai ta riga ta san maganar. Kamfanin nasu ɗan ƙarami ne a Ntinda, manhaja suke rubutawa wadda ƙananan asibitoci ke lura da magungunansu da ita, kuma rabin rubutun aikin Mugerwa ne. Shi ma manaja a hannunsa ya koyi aiki. A wannan sana'a, idan mutum ya danna maɓallin sabon layi, manhajar rubutu ce ke tura masa layin ciki da kanta, gurbi huɗu, haka take zuwa daga masu ita. Kowa ya bar tasa yadda ya same ta, ban da Mugerwa. Mutumin nan taurin kai gare shi kamar me. Ya gyara tasa ta koma gurbi uku, wai biyu rowa ce, huɗu kuma almubazzaranci. An yi rigima har an gaji an bar shi. Da ya fara neman Nassozi, kafin ya san gidan iyayenta sai da ya mayar da kwamfutarta uku.

Yana raye abin bai dami kowa ba, don shi ke taɓa kayansa. Yanzu kuwa an ɗauki Kemigisha a madadinsa, ƙwararriya ce, amma kwamfutarta huɗu ta sani. Ta ƙara layuka a tsakiyar nasa, uku da huɗu suka cakuɗe, layin da ya kamata ya shiga ƙarƙashin wani sharaɗi ya zame waje. Wani asibiti a Masaka ya wuni manhaja na ce masa akwai maganin zazzaɓi, alhali shagon fayau.

"Dole a mayar da komai huɗu," in ji Ojok. "Umarni ɗaya ne, ƙiftawar ido. Amma kin san abin da zai biyo baya."

Ta sani sarai. A gefen kowane layi akan ga sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Duk wanda ya ba da umarnin nan ya taɓa kowane layi ke nan, sunansa zai hau, na Mugerwa ya sauka.

Dangi sun riga sun raba rigunansa da takalmansa a Mpigi, garinsu inda aka binne shi, ƙaninsa ya ɗauki agogon. Ba ta nemi komai ba, don ta san inda ta bar nata rabon. Duk zaman makokin nan, abin da ya riƙe ta shi ne wata rana za ta buɗe kwamfuta ta tarar da shi a gefen allo, Mugerwa, Mugerwa, Mugerwa, daga sama har ƙasa.

"Ba fa gogewa za a yi ba," Ojok ya ƙara. "Tarihin yana nan a ajiye, in kin tona za ki gan shi."

"Shi ma yana nan a Mpigi in an tona."

Ojok ya sunkuyar da kai. Nan take ta ji kunya, don shi ya kwana a asibiti da su, shi ya kama akwatin gawar ta gaba.

Kemigisha ta matso da kofin shayi mai citta ta ajiye mata. "Yaya, ki yafe ni. Da na sani da na mayar da tawa uku."

"Ke da wa? Gobe a ɗauki wani, shi ma a ce ya koyi haukan mijina?" Nassozi ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsinke a hanya. "Ba laifinki ba ne. Na sha gaya masa, bawan Allah, ba za ka dawwama a kujerar nan ba. Ya ce ina zai je, wa zai ɗauki mai gurbi uku?"

Ta roƙi a ba ta zuwa bayan abincin rana, aka ba ta. Sauran suka sauka wajen mai matoke, wato dafaffiyar ayaba, da miyar gyaɗa, ita ta zauna tana bin rubutun a hankali. Ga wanda ya rubuta makon bikinsu, da gaggawa, kurakurai birjik. Ga wanda ya yi lokacin da suka yi faɗa har kowa ya riƙa hawa bodarsa daban, tsaf-tsaf, don in ransa ya ɓaci aikinsa ya fi kyau. Ga na ƙarshe, ya buɗe sharaɗi ya sauka layi bai cika ba. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta samu yi a Mpigi ba saboda idon surukai.

Da suka dawo Ojok ya tsaya a bayanta yana murza hannu.

"Bari ni in danna, matar yaya. Ki ji haushina, na iya ɗauka."

"Sunanka a kan aikin mijina? Kai da ya koya wa kunna kwamfuta?"

"To na wa?"

Ta jawo kwamfutar gabanta. Ta rubuta umarnin da kanta, ta duba shi sau biyu kamar yadda suka saba, ta danna. Rubutun ya ɗan motsa zuwa dama gaba ɗaya, kamar fasinjoji sun gyara wa wani zama a mota. Gefen allon ya cika da Nassozi.

"Saura taki kwamfutar," Ojok ya faɗa a hankali. "In ba haka ba gobe ke za ki cakuɗa mana."

Ta shiga saitin, ta mayar da komai yadda ya zo daga masu shi. Ojok ya dafa bayan kujerarta ya wuce, Kemigisha ta koma teburinta.

Aiki dai ba ya jiran kowa. Ta gangara wurin sharaɗin nan da bai cika ba, ta danna sabon layi. Ɗan tsinken nan mai ƙiftawa ya shige gurbi huɗu. Ya yi mata nisa. Ba ta ma yi tunani ba, yatsarta ta kai kan maɓallin gogewa don ta rage ɗaya.

Ta manta yadda manhajar take in ba a gyara ta ba. Dannawa ɗaya ta kwashe huɗun gaba ɗaya, tsinken ya koma can bakin layi. Ta sake gwadawa, ya shiga huɗu. Ta goge, ya dawo babu ko ɗaya.

"Yaya, wani abu ya lalace ne?" Kemigisha ta tambaya.

"A'a," in ji Nassozi. "Daidai yake aiki."