Yadin da Ya Dawo Fari

...kuma Laraba ce, gab da la'asar, har yanzu ruwan robar bai sauya ba.

Malama Kubura tana tsugune a gindin randa, tana cuɗa yadin, tana matsewa, tana ɗagawa ta duba. Fari. Kamar ba shi ne ya yi rabin wuni a bakin fankar shagon mijinta ba. Kullum in ta tsoma shi ruwan kan koma kalar shayi marar madara, garin katakon maɗaci ya kwanta a gindin roba har ta kwashe da hannu, ta ce a ranta, wannan bai shiga ƙirjinsa ba, alhamdu lillahi. Yau babu. Jiya ma... jiya ba cewa ta yi idonta ne ba?

A hankali. A bi abin ɗaya bayan ɗaya, yadda take gaya wa 'yan ajinta a darasin kimiyya. Fanka ta lalace? Ga ta nan tana jin ta, bango ɗaya ne tsakaninsu. Janareta na ruri, injin zarto na juyi tun safe. Ko ya sa yadin a karkace, iska na bi ta gefe? Mijin nata, Hamisu kafinta, wanda ya haɗa akwatin fankar da hannunsa, ko allura ba ta wucewa ta gefen? Katakon ne ɗanye, da yake damina ce? Ɗanye yana rage ƙura, ba ya hana ta. Ko shi ya wanke kafin ya kawo? Shi! Mutumin da ko hularsa...

Ranar da suka je asibiti, likitan Gusau ya ɗaga hoton ƙirjin Hamisu ga hasken taga. Fari-fari a ƙasa, kamar an barbaɗa gari. Ita da ta sha zana huhu a allo, da jan alli, gefe biyu tsaf-tsaf. "In tarin nan ya dawo, Malam, kai da katako kun rabu." Shi kuma har da dariya. "To in ci mi, likita? Allin Malama?" Ita ba ta yi dariya ba. A mota, tana kujerar mata can baya, yana gaba, tana ƙirga tarinsa ta ƙeyarsa har Ƙaura. Da suka iso gida ta sa shi ya yi alkawari. In ya dawo, ka bari. Ya ce to. Da sauri ya ce to... da sauri ƙwarai.

Sai ta fito da dabarar. Tsohuwar fankar tsaye, akwatin katako, ragar waya, yadi ninki uku a jiƙe. Iska ta shiga da ƙura ta fita babu. Ta zana masa a bayan kalanda. "Wagga dabara taki, Malama, sai ka ce za a tace kunu." Amma ya yi. Tarin ya lafa, ya koma cin tuwo malmala biyu, ya daina kwana a zaune. Yadi biyu ta saya don a riƙa canji da azahar, ɗaya na aiki ɗaya na shanya. Alawayyo. Mai kanti yana aunawa ya ɗago kai, "Hajiya, wa ya rasu?" Ta ce babu kowa, tace iska za a yi. Babu kowa. A'uzu billahi, me ya kawo wannan yanzu? Me ya sa ma ta sayi alawayyo, duk yadin da ke kasuwa?

Ta sake shimfiɗa shi a hannu. Nan, bakin kalmasa... ɗigo. Bai kai ƙwayar dawa ba. Ja, amma ba jan maɗaci ba. Maɗaci yana bin ruwa, ya tafi. Wannan ta murza, ta sa sabulu, ta murza, yana nan. Jini? To ƙusa ce. Kafinta ai kullum cikin yanka yake. Da azahar da ya miƙo mata yadin ta ga hannunsa? Ta gani. Babu ciwo. Ya ɗan juya baya a bakin zaure, ya kai yadin fuska, ta ɗauka zufa yake gogewa...

"Lahiya lau nike. Aiki ne ya yi yawa." Haka ya ce, ya ci loma uku ya tashi. Bencinan makarantar Sakajiki, sai na Banga na biye. Tun da aka ba su sabuwar jiha aikin benci bai yanke ba, wanda suke shagon tare kuma ya tattara ya koma Gusau, ya bar shi shi kaɗai. Shi kaɗai da inji. Ita kuwa rabonta da cikin shagon tun ranar da aka kafa fankar. Ta ina? Maza ne cike da bencin ƙofa daga hantsi, da rediyonsu, ana ta zancen shari'a, wa aka yi wa bulala a Shinkafi, wa ya tuba a Zurmi. Malama guda ta ratsa su? Abin da ta sani na shagon nan biyu ne, ƙara da yadi. Yadi ya ce babu aiki. Ƙara ta ce...

Tsaya. Saurara.

Zarto in ya kama katako kuka yake yi. Ya ɗauko da ƙarfi, ya shaƙe a tsakiya, ya saki. Shekara nawa tana gyaran takardun jarrabawa da wannan kukan a kunnenta, har ta san maɗaci, ta san kirya, kirya ta fi sa shi gurnani. Wannan kuwa... murya ɗaya. Ziiii. Ba hawa, ba sauka. Tun yaushe? Tun Litinin? Tun kafin Litinin? Tana ji, ba ta saurara ba. Man fetur yake ƙonawa don kunnenta. Don kada ta ji shiru ta tambaya. Don kada ta ji abin da ke ƙarƙashin ƙarar.

Hamisu, Baban Muhsina, haka za ka yi mini? Ni da na... a'a. Wataƙila wasa haƙoran zarton yake. Wataƙila awo yake. Awo na kwana da kwanaki?

Ladan ya ɗauka. Allahu akbar. To, yanzu. Yanzu zai kashe, bai taɓa bari a kai shahada inji na juyi ba, balle yanzu da kowane shago ke rufewa da kiran salla. Takalman maza suna ja, rediyo ya yi nisa, wani yana cewa, "Hamisu, sai ka iso." Kashe mana. Ashhadu... kashe, don Allah, kashe, in ji ƙofar langa-langa ta yi ƙara, in ji kana zuba ruwan buta, ba zan tambaye ka komai ba, wallahi ba zan...

Hayya alas salah. Ziiii.

Hijabi yana kan igiya, a jiƙe. Ta zura shi haka nan. Zaure, ƙaramar ƙofar da ke shiga shago ta ciki, sakata tana da tsatsa, hannunta da sabulu yana zamewa.

Katakan Sakajiki suna jingine yadda aka sauke su, da igiyarsu. Ƙasa a share. Zarto yana juyi, babu komai a bakinsa. Shi kuma yana zaune a ƙasa bayan akwatin, daidai inda tatacciyar iska ke fita, baki buɗe, kafaɗunsa na hawa da sauka. Ya ɗago hannu.

"Ke... mi ya kawo ki shago?"

Ta kashe injin. Ta bar fanka. Sai yanzu take jin numfashin.

Kafin magariba ƙaninsa Malami ya kawo mota, suka kama hanyar Gusau. Yadin yana cikin roba a gindin randa.