Ƙararrawar Gado na Shida

Wata huɗu da rasuwar Inna asibitin suka kira ni. Wai sun kafa kwamitin marasa lafiya da 'yan uwansu, mu riƙa ba su shawara kyauta. Yayata ta ce, "Ke dai ba ki da zuciya. Wurin da ya cinye mana uwa za ki koma ki sha musu shayi?" Na ce magana ɗaya ce da ni, ina faɗa zan dawo kan keken ɗinkina.

Maganar ita ce ƙararrawa. Shanyewar ɓarin jiki Inna ta samu, ɓangaren dama duk ya mutu. A gado na shida da aka kwantar da ita, maɓallin kiran nas yana rataye ta dama. Wata Laraba da la'asar na sauka karɓo magani, fitsari ya matse ta. Inna mace ce mai kunya, ba za ta jiƙa shimfiɗa ba. Ta miƙa hannun hagu ta ƙetare jikinta, ta rinjaya, ta faɗo da ka. Kwana uku ta ƙara a duniya.

Mu bakwai ne a kwamitin. Akwai wani dattijo da muke kira Mai Ƙoda, shekara biyar yana zuwa wankin ƙoda, ya fi sababbin likitoci sanin lungunan asibitin. Kowa da kukansa, wannan kujeru, wancan banɗaki. Ni kuwa wata uku ina nanata abu ɗaya, har sakataren yakan rubuta kafin in buɗe baki. Mai Ƙoda ya laƙaba mini Uwar Ƙararrawa.

A zama na huɗu haƙurina ya ƙare. Na ja babbar nas har ɗakin marasa lafiya, na kwantar da ita a gadon da ba kowa, na danne hannunta na dama.

"Bismillah, ranki ya daɗe, kira nas."

Ta yi ta miƙa hagu har hularta ta faɗi, ba ta kai ba. Ta tashi idonta ya yi ja. "Ki yi haƙuri, 'yar uwa. Za a gyara."

Aka kuwa gyara. Takarda ta fito da hatimi, har da godiya ga kwamiti. Yaya ta karanta, ta ninke, ta saka cikin akwatin kayan Inna. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ji kamar na biya Inna wani abu.

Bayan mako biyu muka shiga zagayen duba aiki, kowa da katinsa a wuya. Duk gadajen an mayar da maɓallin hagu, an ɗaure shi da ƙarfe da kusoshi huɗu don kada wani ya matsar. Da na ce a sa shi inda hannu mai rai yake, su hagu kawai suka ji, don a hagu na gwada musu.

A gado na shida wani tsoho ne kwance, hannunsa na hagu a lanƙwashe bisa ƙirji, matacce. Zanen gadon ya jiƙe sharkaf. Ya kawar da kai bango don kada mu haɗa ido. Matarsa ta shigo da roba da tsumma, tana haki.

"Da can da kansa yake kiran nas," in ji ta. "Tun da aka mayar da abin can, sai ya jira ni. Shekaranjiya saura kaɗan ya faɗo. Wai wata ce a kwamiti ta dage sai an canza. Ko me muka yi mata?"

Na kama maɓallin na girgiza, ko motsi bai yi ba. Na ce wa matar ta kama wancan bakin zanen, na kama wannan, yadda na saba yi wa Inna. Sai da muka juya shi ya fuskance ni na yi masa magana.

"Baba, ni ce."